Ranar da Baba Ya Goge Batir Kamar Azurfa

Akwai abubuwan da na manta da gangan, akwai waɗanda suka ɓace mini da kansu. Amma ranar da aljihun Baba ya yi hayaƙi a tsakiyar maƙerarsa, ita kam ko na tsufa haƙorana sun zube ba za ta fita daga kaina ba. Ba don wutar ba, wutar ko shayi ba ta isa ta dafa ba. Don abin da bakina ya yi ne bayanta.

Babana maƙerin azurfa ne a tsohon garin Agadez. Zobba, ƴan kunne, sarƙoƙi, kayan amare, duk daga hannunsa suke fita. Kuma tun kafin a haife ni yake shan sigari. Na tashi da tarinsa kamar yadda wasu ke tashi da carar zakara. Da tarin ya fara tsayar da shi a tsakiyar salla, Inna ta matsa har ya je likita. Lokotoro bai yi masa kwana-kwana ba, ya ce ko ya bar sigari ko sigari ya gama da shi. Baba ya gwada goro, ya gwada asuwaki, ya gwada dabino a aljihu. Ko a watan azumi, yini yake yi lafiya lau, amma da an kira magariba, kafin ruwa ya sauka cikinsa ya riga ya kunna.

Kawuna, ƙanen Inna, direba ne a hanyar arewa. Shi ya kawo masa sigarin lantarki a wata dawowa. Wani baƙin ƙarfe ne kamar ƙotar wuƙa, a samansa ƴar kwalba da ake zuba ruwa mai ƙamshin na'ana'a, da batir guda biyu masu tsawon yatsa, kowane sanye da rigar roba koriya. Bayanin Kawu gaba ɗaya bai wuce numfashi ɗaya ba: "Ka yi sharji, ka zuba ruwa, ka danna nan." Ya sha shayinsa ya kama hanya.

Ba na cewa abin magani ne. Lokotoro ma da ya gani cewa ya yi gara a rabu da su duka biyun, amma in wannan ne tsanin da zai sauko da shi, to ya taka. Baba kuwa ya taka. Wata biyar cur ba a ga karan sigari a gidanmu ba. Tarin asuba ya ragu. Inna ta daina turara rigunansa sau biyu. Ni da nake cewa ba zai iya ba, na haɗiye maganata.

Sai in faɗi halina, don in ba haka ba labarin ba zai yi ma'ana ba. Sunan mahaifiyar Baba aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini. Abin da ƴan'uwana ba su isa su faɗa masa ba, ni nakan faɗa, ya yi dariya ya ce, "To, Uwata ta yi hukunci." Wannan ya lalata ni. Ga shi na yi lise, wato babbar sakandare, na iya karanta takardar magani da faransanci, sai nake jin duk gidan ni ce mai ido. Haƙuri kuwa babu. Inna takan ce na fito duniya kafin ungozoma ta iso, kuma tun ranar ban sake jiran kowa ba.

Da bazara ta kama, irin zafin da ko jaki ke neman inuwar bango, sai abin Baba ya daina aiki. Ya danna, shiru. Ya yi sharji, ya danna, shiru. Ashe ba wani abu ba ne: ruwan ne ya tsiyaye ƙasa, rairayi ya manne a kai, ya toshe wurin da batir ke taɓa ƙarfe. Kawu yana can gaba da Séguédine inda waya ba ta shiga. Kwana biyu Baba yana fama shi kaɗai, yana tauna asuwaki har ya zama igiya. Bai gaya mini ba. Daga baya na gane dalili: ya san bakina.

Sai ya yi abin da ya sani. A wurin maƙerin azurfa, ƙarfen da ya ƙi aiki ko ya dushe, datti ne ya kama shi, kuma maganin datti lemon tsami ne da toka da ƙyalle. Yana da aboki mai lambu a Timia, wanda ba ya shigowa gari ba tare da ya sauke masa lemo ba. Baba ya matse lemon ya wanke gindin abin. Ya duba batir, ya ga rigar robar ta ɗan yage a baki, ta yi baƙi da maiƙon hannu. A idonsa wannan ɓawo ne kawai, irin wanda ake cirewa kafin a ga ainihin ƙarfe. Ya sa ƴar wuƙarsa ya feɗe su duka biyun. Sannan ya zauna ya goge su, ya goge, har mutum na iya ganin fuskarsa a jiki. Ɗaya ya ajiye a kan katakon kayan aiki. Ɗayan ya jefa a aljihun gaban rigarsa, inda yake tara zobba da gutsattsarin azurfa da makullin maƙera.

Ni na kai masa fura a ranar, wajen azahar. Mutum uku na tarar tare da shi: abokin nan na Timia, da wani dattijo mai sayar da fata da ke maƙwabtaka da shi, da wani baƙo da ya zo duba kayan auren ƙanwarsa. Na yi sallama na durƙusa zan ajiye kwano, sai na ji wani wari kamar ana ƙona leda. Na ɗaga kai na ga hayaƙi siriri yana fita daga ƙirjin Baba.

"Baba, aljihunka!"

Ban taɓa ganin ya yi tsalle irin na ranar ba. Ya kama rigar ya zazzage, zobba suka watse, batir ya faɗo a kan rairayi yana huci, wani zobe manne da kansa ya yi baƙi ƙirin. Abokin Timia ya fi kowa saurin tunani. Ya ɗauki awartaki ya kama batir ɗin ya cilla shi waje, ya bi shi ya tura masa ƙasa da ƙafa. Rigar ta huje. Ƙirjin Baba ya yi ja, wuri kaɗan, bai kai tafin jariri ba. Allah ya tsare, abin iyakarsa ke nan.

Da a nan na yi shiru, da labarin dariya ne. Amma idona ya faɗa kan ɗayan batir ɗin a kan katako, tsirara, yana walƙiya kamar kayan lefe. Tsoron da na ji ya juye ya zama faɗa.

"Baba, wane irin aiki ne wannan? Wa ya ce ka feɗe shi? Batir ne fa, ba zoben amarya ba! Ko ɗan lakkol na ajin farko ya san ba a yin haka. Abin da ba ka sani ba, ka tambaya mana! So kake ka ƙone kanka ka ƙone mu?"

Abin kunya, ni kaina ban san dalilin da ya sa ba a yin haka ba. Na dai ga sakamako na hau kai.

Baƙon ya juya fuska yana duban bango. Dattijon mai fata ya ce a hankali, "Ƴar nan, sassauta." Abokin Timia ya sunkuya yana tsince zobba ɗaya bayan ɗaya, kamar shi ne aikin da ya kawo shi gari. Baba ya dube ni. Ya ja rawaninsa ya rufe baki, ya ce, "Na ji, Uwata. Ajiye furar ki tafi."

Ya ce Uwata, amma babu dariya a ciki. Tun da nake ban taɓa jin sunan nan ya yi sanyi haka ba.

Bayan la'asar ya dawo gida. Ya zuba sigarin lantarkin da batir ɗin da ya rage a wani tsohon gwangwanin shayi, ya miƙa wa Inna, ya ce ta ajiye wa ƙanenta kayansa. Ya fita. Ba a jima ba warin da muka manta ya shigo ta zaure. Yana zaune a ƙofar gida da sabon kwalin sigari.

Inna tana tankaɗe, ba ta ko ɗaga kai ba. Ta ce, "Kin ji warin? Naki ne."

Na ce, "Ni na sayo masa?"

Ta ce, "Batir riga ya ƙona masa. Ke kuma rawani kika tuɓe masa a gaban mutane. Wanne kike ganin ya fi zafi?"

Washegari da asuba tarin ya dawo, irin mai tsawon nan da yake sa mutum ya riƙe bango. Ina kwance ina ji. Wata biyar na wahalarsa na tafiya a banza, kuma na san in ya ƙare kwalin nan ya sayi na biyu, shi ke nan, babu mai sake sauko da shi.

Da hantsi na ɗauki gwangwanin, na tono batir ɗin da aka binne a ƙofar maƙera na naɗe shi a tsumma daban, na hau kabu-kabu zuwa kasuwa wurin wani mai gyaran waya da na sani tun muna lakkol. Ya buɗe gwangwanin, ya ɗaga batir ɗin a haske, sai ya fashe da dariya.

"Wa ya yi wannan aikin? Wallahi ko daga kamfani bai fito da kyau haka ba."

"Babana."

"Maƙeri ne?"

"Ya aka yi ka sani?"

"Sai su. Ki zauna, madame, in nuna miki."

Na ce ba zama ya kawo ni ba. Ya ce to in tsaya, duk ɗaya ne. Ya nuna mini cewa jikin batir ɗin gaba ɗaya, daga gindi har wuya, ɓangare ɗaya ne na wuta, ɗan kan da ke sama kuma shi ne ɗaya ɓangaren. Tsakaninsu bai fi kaurin farce ba. Rigar robar nan da wani ɗan zobe na takarda da ke ƙarƙashinta su ne suke raba su. In babu su, duk ƙarfen da ya haɗa kai da wuya, makulli ko zobe, wuta za ta bi ta ciki ba birki. Ya ce, "Babanki ya yi sa'a. Akwai wanda cinyarsa ta tafi."

Sannan ya ɗauki ɗan tsinke mai auduga, ya tsoma a alkol, ruwan nan da ake goge wurin allura da shi, ya matse shi har ya kusa bushewa, ya shiga share cikin abin. Audugar farko ta fito baƙa, ta biyu da kore-kore, wanda ya ce aikin lemo ne ya fara cin ƙarfen. Ta uku ta fito fes. Ya share wurin murɗin da kwalbar ke ɗaurewa a kai, ya ajiye ya bushe. Duka aikin bai kai a sha kofin shayi ɗaya ba.

"Ciwon ke nan tun farko," in ji shi. "Ba ruwa, ba lemo, ba sabulu. Alkol kaɗan, ki bari ya bushe. Kada a bar shi a rana. Kada a sa shi sharji a kan katifa a tafi masallaci. Kada ya kwana a aljihu da ƙarfe. In rigar ta yage ko kaɗan, a canza ta."

Wanda ya ƙone ya karɓe shi, ya ce ya mutu, kuma kada in kuskura in jefa irinsa a bola inda ake cinna wa shara wuta. Ɗayan ya auna shi da na'urarsa ya ce lafiyarsa lau, riga kawai yake so. Ya ciro sabuwar riga, wata roba shuɗiya kamar bututu, wadda zafi ke sa ta tsuke ta kama jiki. Ya miƙa hannu zai kunna injin iskar zafi, sai fankar shagon ta tsaya. An ɗauke kuran, babu wutar lantarki.

"Bon. Ki dawo gobe."

"Gobe? Ka san kara nawa zai sha kafin gobe? Ba ni, zan sa da kaina."

Ya dube ni. Ya yanko mini guda uku, ya haɗa da ɗan zoben takarda. Ina fita yana ɗaga murya: "Zafi kaɗan, daga nesa! Doucement! Kada ki kai shi bakin wuta!"

Na iso gida rana tsaka. Baba yana kwance a ƙarƙashin rumfa, ya rufe fuska da gefen rawani, kwalin sigarin a kusa da kansa. Tun jiya ba mu yi magana ba bayan gaisuwa. Na zuba gawayi a dutsen guga, na zauna a bakin madafa. Na zura batir a riga ta farko, na kawo dutsen kusa. Ba ta motsa ba. Na ƙara matsowa. Ba ta motsa ba. Haushi ya kama ni na manna, roba ta narke ta huje ta bar wari. Na ɓare ta. Ta biyu na ga kamar ta yi tsawo, na sa almakashi na rage, na rage da yawa. Ta tsuke a karkace, ta bar wuyan a buɗe, wato daidai wurin da ake son rufewa. Na ɓare ta ita ma. Saura ɗaya. Hawaye suka zo mini, ba na tausayi ba, na takaici.

Daga ƙarƙashin rawani murya ta fito: "Wutar ta yi yawa."

Ashe idonsa biyu tun ɗazu. Bai kuma tashi ba. Na dubi Inna. Ta ɗaga gira ta nuna mini rumfar da haɓa, ta ci gaba da wankin shinkafarta.

Daga bakin madafa zuwa rumfar nan taku shida ne, amma ban taɓa tafiya mai nisa irinta ba. Na durƙusa a gefen tabarmarsa.

"Baba, saura ɗaya. Hannuna ya kasa. Ka taimake ni."

"Ni? Ai ɗan ajin farko za ki nema."

"Ka yi haƙuri, Baba. Na yi rashin kunya. Ni ma ban san komai a kai ba sai yau."

Ya janye rawanin, ya tashi zaune, ya ce, "Me mai gyaran ya ce?"

Na yi masa bayani. Karo na farko a rayuwata da na bayyana wa mutum abu ba tare da na ɗaga murya ba. Na nuna masa kai, na nuna masa wuya, na nuna ɗan tsakanin. Ya karɓa yana juyawa a hannu, yana tambaya irin ta mai sana'a: wutar ta ina take shiga, zoben takardar a sama yake zama ko a ƙasa, azurfa ta fi baƙin ƙarfe jan wutar ne? Wannan ta ƙarshe ban sani ba, na ce ban sani ba. Ya gyaɗa kai.

"To ashe kube ne," in ji shi. "Da kawunki ya ce mini kube ne, wa zai yi yawo da wuƙa tsirara a aljihu?"

Ya aike ni na ɗauko masa wani faffaɗan ƙarfe daga jakar kayan aikinsa. Ya ɗora zoben takardar da bakin ɗan hantsaki, ya zura rigar, ya daidaita ta har abin da ya rage sama da ƙasa ya zo ɗaya. Ya sa ƙarfen a garwashin Inna, ya cire, ya dawo da shi can ƙarƙashin rumfa nesa da wuta. Ya kawo shi kusa da kuncinsa ya ji zafin, ya jira. Ya sake ji, ya sake jira. Ni ina ta mutsu-mutsu.

"Baba, zai huce fa."

"Uwata, zauna."

Wannan karon da dariya a ciki.

Ya riƙe ƙarfen a gefe, bai taɓa robar ba, yana mirgina batir ɗin tsakanin yatsu biyu, a hankali, a hankali. Ina kallo roba ta fara lafewa, daga tsakiya zuwa baki, ba yamutsa ba kumfa, har ta naɗe wuyan ta rufe shi ruf. Ya taɓa jikin da leɓensa ya ji ko ya ɗumama, ya ce ko kaɗan. Ya miƙo mini. Wallahi ta fi ta asali zama.

Muka bari ya ɗan jima, na sa shi a ciki, na ɗaura kwalbar, na ba shi. Ya danna. Abin ya yi ɗan shuu ɗin nan nasa, ƙamshin na'ana'a ya tashi. Inna ta ce, "Alhamdu lillahi," ta share hannu a zane, ta zo ta ɗauke kwalin sigarin daga gefen tabarma kamar tana ɗauke kwanon da aka gama ci. Baba ya bi ta da ido. Bai ce ta dawo da shi ba.

Amma Inna ba ta ƙyale ni a nan ba. Ta ce abin da aka zubar a gaban mutane, a gaban mutane ake kwashe shi. Washegari na sake kai fura. Baƙon ba ya nan, amma dattijon mai fata da abokin Timia suna zaune. Na durƙusa na ce su shaida na yi wa Baba laifi shekaranjiya, na kuma roƙe shi gafara. Dattijon ya ce Allah ya yi mini albarka. Abokin Timia kuwa ya ce shi ma a roƙa masa gafarar lemonsa, tun da an ce shi ya fara ɓarnar. Baba ya ciro batir ɗin yana nuna musu rigar shuɗiya, yana bayanin kai da wuya kamar shi ya ƙera shi. Na bar shi. Ban gyara masa ko kalma ɗaya ba, ko da ya juya sunayen.

Daga nan aikin ya zama namu mu biyu. Kowace Juma'a da safe ni ke sharewa da auduga da alkol, shi ke duba rigar da idon maƙeri, ko ƙarzanen da ni ban gani ba sai ya gano. Inna ta ɗinka masa ƴar jakar fata mai ɗaki biyu, don kada batir ya sake haɗuwa da ƙarfe. Da Kawu ya dawo ya sha faɗa daga wurin yayarsa, ya kawo wani sabon batir a tafiya ta gaba. Bayan shekara da wani abu Baba ya ajiye sigarin lantarkin ma da kansa. Yanzu shayi ne kawai jarabarsa.

Har yau ban zama mai haƙuri ba, kada in yi muku ƙarya. Mijina zai ba da shaida. Amma ranar ta koya mini cewa wanda bai san abu ba, ba wawa ba ne, ba a gaya masa ba ne kawai. Baba ya yi kuskure da iyakar iliminsa da iyakar kulawarsa, ni kuma na yi nawa da gaskiya a bakina. Gaskiyar ba ta hana shi komawa sigari ba, ita ce ma ta kai shi. Tun daga lokacin, in na ji magana mai zafi ta taso mini zuwa ga wanda nake ƙauna, nakan ɗan riƙe ta in ji zafinta a kuncina tukuna. In ta ƙona ni, to shi ma za ta huda shi.